Da Tallafi Ya Ja Baya: Nazarin Rigakafin Yara a Wata Mazaɓa ta Jihar Kaduna, 2016 zuwa 2025

Wurin da mutanensa

Mazaɓar da wannan nazari ya shafa tana arewacin Jihar Kaduna, ɗaya ce cikin mazaɓu 255 da ke ƙananan hukumomi 23 na jihar. Ƙasar masara ce da waken suya da barkono. Garin dagaci na bakin kwalta, nan kuma ƙaramin asibitin yake. Bayan garin akwai ƙauyuka tara da rugagen Fulani uku da asibitin ke kula da su. Mafi nisa cikinsu kilomita 14 ne, hanyar burji ce mai rafi biyu marasa gada, waɗanda in ruwan Agusta ya sauka ko ɗan acaɓa mai ƙarfin hali sai ya jira sun janye.

Ma'aikata huɗu ne da mai gadi. Shugabarsu, wadda kowa ke kira incaji, jami'ar lafiyar al'umma ce da ta daɗe a aikin. Akwai kuma matashi guda da aka ɗora wa rigakafi. Ni sakataren kwamitin ci gaban mazaɓa ne tun 2017, abin da zan kawo kuwa daga littafin taronmu ne da rajistar asibiti da abin da idona ya gani. Na sakaya sunan gari da na mutane saboda akwai kurakurai a cikin labarin, har da nawa.

Kafin yaro ya wuce wata 15, sau shida ake so ya haɗu da mai allura: lokacin haihuwa, sati 6, sati 10, sati 14, wata 9, da wata 15. A haɗuwar farko ake ba shi BCG ta tarin fuka da ta ciwon hanta da ɗigon shan inna. Uku na tsakiya su ne na allurar Penta, wadda ta haɗa kariya daga cututtuka biyar, ciki har da mashaƙo da tarin shiƙa da sarƙewar haƙora, ana kuma haɗa ta da ta ciwon huhu. A wata 9 ake yin ta ƙyanda da ta shawara da ta sanƙarau, a wata 15 a maimaita ta ƙyanda. Ga uwar da ke bayan rafi, kowace haɗuwa yini guda ce ta bar gida, da izinin maigida, da kuɗin babur zuwa da dawowa.

2016 zuwa 2019: shekarun da kuɗi ke zuwa

Ruwan allurar da ke shiga firjinmu daga waje yake zuwa, da dala kuma ake sayensa, galibi ta hannun UNICEF. Najeriya ta taɓa yin nata a ɗakin haɗa rigakafi na Yaba a Legas, amma tun 1991 aka daina. Tsofaffin allurai irin su BCG gwamnatin tarayya ce ke saye. Sababbin masu tsada kuwa, wato Penta da ta shigo a 2012, ta ciwon huhu a 2014, da allurar shan inna ta jiki a 2015, ƙawancen Gavi, wanda ke taimaka wa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi sayen rigakafi, shi ne ya ɗauki kaso mai tsoka na kuɗinsu. An kafa Gavi a shekarar 2000, ƙa'idarsa kuma ita ce gwargwadon yadda arzikin ƙasa ya ƙaru, gwargwadon yadda kasonta zai riƙa hawa, har ranar da za a yaye ta. Da aka sake lissafin girman tattalin arzikin Najeriya a 2014, a takarda ta haye layin, aka sa mata 2021 a matsayin shekarar yaye.

Sai binciken ƙasa na 2016 zuwa 2017 ya nuna kashi 33 cikin 100 ne kacal na yara suka kammala Penta uku. A tsakiyar 2017 hukumar lafiya matakin farko ta ƙasa ta ayyana yanayin gaggawa kan rigakafin yau da kullum. A 2018 Gavi ya amince ya ɗaga wa'adin zuwa 2028, zai zuba kimanin dala biliyan 1, Najeriya kuma ta yi alkawarin kusan biliyan 2 a tsawon shekarun goma.

A nan jiha, farkon 2016 ne Bill Gates da Aliko Dangote suka zo Kaduna aka sa hannu kan yarjejeniyar rigakafi da gwamnonin Kaduna, Sakkwato, Yobe da Borno, bayan Kano da Bauchi sun riga sun shiga irinta. Asusu guda aka buɗe, gidauniyoyin biyu da jiha kowa na zubawa, da sharaɗin kason jiha zai riƙa ƙaruwa kowace shekara na gidauniyoyin na raguwa har jiha ta riƙe abin ita kaɗai. Tun ranar farko an faɗa cewa masu tallafin za su tafi. Mu a ƙasa ba mu riƙe wannan maganar ba, abin da muka riƙe shi ne kuɗin fita ƙauye ya fara shigowa.

A waɗannan shekaru mai rigakafi yana fita sau huɗu a wata, da kularsa ta riƙe allura cikin sanyi ɗaure a bayan babur. A 2018 aka kafa mana firji mai aiki da hasken rana, muka huta da ɗauko allura daga hedikwatar ƙaramar hukuma kowace safiyar rigakafi. Mata shida masu wayar da kai suna bin gida-gida, alawus ɗinsu daga kuɗin yaƙi da shan inna yake fitowa. Su ne suka san wa ke da ciki, wa ta haihu, wane maigida ne sai an bi ta hannun mahaifiyarsa. Litar fetur a lokacin naira 145 ce, a kan wannan farashi aka yanke kuɗin fita.

2020 zuwa 2021: farkon tsagewa

A ƙarshen Maris 2020 aka kulle jihar saboda korona, fita ta tsaya na wasu watanni. Ranar 25 ga Agusta 2020 aka tabbatar nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali, shekara huɗu bayan wadda aka gani ta ƙarshe a Borno a 2016. Mun yi murna sosai, domin akwai guragu a garinmu da muka tashi tare. Amma bayan murnar, alawus ɗin matan nan ya fara yankewa. Zuwa ƙarshen 2021 huɗu sun koma sana'o'insu, biyu suka rage suna yi don Allah.

A ƙarshen Satumba 2021 aka hana hawa babur a jihar na wata uku saboda 'yan bindiga, aka katse layin waya a wasu sassa, aka hana sayar da fetur a jarka. Ba a fita ko sau ɗaya a wannan tsakani ba. Da aka ɗage dokar, kuɗin fita bai daina zuwa ba, sai dai yana nan yadda aka yanke shi tun 2016, wani lokaci kuma ya yi wata biyu ko uku a hanya. Fita huɗu ta koma biyu, biyu ta koma duk ranar da mai rigakafi ya samu rarar da zai zuba mai daga aljihunsa.

2022: yunƙuri na farko, a jira su a asibiti

A taron kwamiti na Fabrairu 2022 muka yanke cewa tunda ba halin fita, a ƙarfafa ranar Talata a asibiti, limamai su yi sanarwa bayan sallar Juma'a, mai shela ya zaga ranar kasuwa. An yi hakan. Matan cikin gari da na ƙauyuka uku na kusa sun amsa. Na bayan rafi suka zo da farko, sannan ƙafarsu ta ɗauke.

Wata Talata a watan Yuli ina asibitin. Wata mata ta iso wajen ƙarfe goma sha ɗaya daga ƙauyen nan mai nisa, zaninta jiƙe har gwiwa, goye da yaro ɗan wata tara da 'yan kwanaki. Ta kwance katinsa daga cikin ledar burodi, ba ko lanƙwasa a jikinsa, Penta uku duk an cike. Ƙyanda ta rage masa. Kwalbar ƙyanda ta yara goma ce, in an haɗa ta da ruwanta kuma awa shida take yi a zubar da saura. Yara uku ne kawai ke jiran ta ranar. Mai rigakafi ya duba benci, ya duba firji, ya ce mata, "Yi haƙuri Iya, ki dawo Talata mai zuwa, in sun kai ko bakwai sai mu fasa." Ta ce, "Likita, kashi biyu na masara na sayar na yi kuɗin babur, a bakin rafi kuma ya sauke ni." Ya sake ba ta haƙuri. Ta ɗaure katin ta tafi. Ina zaune ban ce uffan ba, domin a zatona ƙa'idar ke nan.

Ba ita ce ƙa'idar ba. Umarnin da ke rubuce shi ne a fasa kwalba ko don yaro ɗaya. Amma matashin ya taɓa shan faɗa kan yawan abin da ake zubarwa, ga shi ana ta maganar cewa allura ta yi tsada, yanzu gwamnati ke biya, sai tsoro ya sa shi tattalin da ba a sa shi ba. Haka yake yi da BCG ma, wadda kwalbarta ta yara 20 ce. Kafin shekarar ta ƙare, shafukan rajista na ƙauyukan nesa sun nuna abu guda: suna da yawa a layin Penta ta farko, layin ta uku ya sirance, layin ƙyanda kusan fari fat.

Janairu zuwa Yuli 2023: yunƙuri na biyu, kuɗin mai

Da muka ga jira bai yi ba, sai muka ce a koma fita, amma duk uwar da aka yi wa ɗanta allura a ƙauye ta ba da naira 100 kuɗin mai. Ni na rubuta wannan shawara a littafi, na kuma goyi bayanta. An gwada sau biyar.

Lokacin ya zo daidai da canjin takardun naira, tsabar kuɗi ta ɓace a hannun mutane, wanda ke da buhu goma a rumbu ma ba shi da ɗari a aljihu. Wannan kaɗai ya isa ya kashe shirin. Amma abin da ya fi yi mana illa maganar da wani dattijo ya faɗa a gaban mai unguwa ce, cewa shekara da shekaru ana bin su har ɗaka da ɗigon shan inna kyauta ko ba su nema ba, yau kuma da suka kawo yara da ƙafarsu sai a ce su biya. Cikin sati biyu zance ya zaga cewa ma'aikata na sayar da allurar gwamnati. Mai duba aiki daga ƙaramar hukuma ya ji, ya zo ya dakatar da abin, da gaskiyarsa, domin rigakafin yara kyauta ne. Sunan incaji ya ɓaci a kan shawarar da ba ita ta kawo ba.

A watan Maris, da zafi ya kankama, ƙyanda ta ɓulla a ƙauyen bayan rafi da ruga ɗaya. Ba mu ji da wuri ba. Har yanzu akwai masu ganin ƙyanda ba ta son ruwa ba ta son allura, sai a kulle yaro a ɗaki a jira ta fito ta gama. Sai da tari ya sarƙe wasu, numfashi ya gagara, aka fara kawo su. Ƙaramar hukuma ta turo tawaga aka yi rigakafin gaggawa na kwana uku, aka raba sinadarin bitamin A. Yara biyu sun rasu. Ɗaya daga cikinsu shi ne na cikin ledar burodi. Na je gaisuwa tare da incaji, mahaifiyar ta amsa mana da ladabi, ba ta ɗaga maganar Talatar nan ba.

Ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki. A watan Yuni aka saki naira, dala ta yi sama. A Yuli labarin mashaƙo, wanda ya fara ƙamari a Kano tun ƙarshen 2022, ya iso daga Kafanchan da Maƙarfi. Mashaƙo na cikin cututtukan da Penta ke karewa, mu kuma mun san yawan yaranmu da suka tsaya a ta farko.

Agusta 2023 zuwa ƙarshen 2024: abin da ya kama ƙasa

Dagaci ne ya kira zama a zaurensa, ya haɗa masu unguwanni da ardo da limamai da shugaban ƙungiyar manoma da ma'aikatan asibiti. Ya ce wa incaji, "Hajiya, kada ki faɗa mana abin da aka daina kawowa, mun sani. Faɗa mana nawa fita ɗaya take ci." Ta ce, "Ranka ya daɗe, ban taɓa lissafawa ba, yadda aka turo muke kashewa." Babu wanda ya taɓa lissafawa a cikinmu. A nan zauren aka ɗauko takarda.

Da aka zana taswirar mazaɓar a ƙasa da tsinke, sai aka ga ba sai an bi ƙauyuka ɗaya bayan ɗaya ba. Mahaɗa uku sun isa: harabar makarantar firamare da ƙauyuka uku ke kewaye da ita, bakin wata 'yar kasuwar mako a bayan rafi, da gindin tsamiya kusa da rugar ardo. Ba uwar da za ta yi tafiyar da ta wuce kilomita uku. Kowace mahaɗa aka ba ta tsayayyar rana sau ɗaya a wata, wadda ba ta canzawa. Man fita uku, haɗe da na zuwa ɗauko kaya a hedikwata da bin sawun waɗanda suka yi fashi, ya kama lita 12 a wata. Ko da lita ta haye naira 1,000 a ƙarshen 2024, abin bai wuce naira 12,000 da 'yan kai a wata ba, kusan 36,000 a wata uku, ban da ɗan abin da ake ba mai babur da abincin rana.

Kuɗin kuwa ashe yana hannunmu. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya matakin farko, wanda ake ware wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Asibitinmu na cikin masu karɓa kai tsaye, a lokacin kimanin naira 300,000 duk wata uku, incaji da shugaban kwamitinmu ne ke sa hannu kafin a cira. Mun sayi magani da shi, mun yi fenti, mun gyara rufin ɗakin haihuwa, mun biya mai ga-ruwa. Ko sisi ba mu taɓa rubuta wa rigakafi ba, alhali ƙa'idar asusun ta yarda a kashe a fita ƙauye. A kanmu rigakafi aikin masu tallafi ne, yana da nasa kuɗin daban, in bai zo ba sai a jira. Daga zangon Oktoba zuwa Disamba 2023 aka sa fita ƙauye a layin farko na tsarin kashe kuɗi, kafin fenti, kafin komai.

Saura matsalar jinkiri, domin kuɗin zango kan makara, ranar mahaɗa kuwa ba ta jira. Shugaban manoma ya ce su za su toshe wannan. Da kaka ta yi suka tara buhu biyu na masara aka ajiye a ɗakin dagaci. In kuɗi ya makara, kwamiti ya sayar da 'yan tiyoyi ya sayi mai ya zuba a babur da hannunsa, ba a miƙa wa ma'aikaci tsabar kuɗi, ba a kuma karɓar komai a hannun uwa. Wani ya ce buhu biyu me zai yi, dagaci ya ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. A 2024 sau biyu aka taɓa masarar.

Aikin da matan nan shida suke yi aka rarraba wa waɗanda dama haihuwa ba ta wuce su. Kowane mai unguwa aka ba shi littafi mai shafi 40. Ungozoma ta faɗa masa ranar da aka haihu, liman ya tabbatar ranar suna, wanzamin da ya zo aski ya tambayi katin BCG. Ƙarshen wata a kawo littattafan zauren dagaci, mai rigakafi ya kwafe sunaye. Wanzamai biyu sun janye da suka ga ba alawus, mai unguwa ɗaya kuma sai da aka haɗa shi da ɗansa ɗan sakandare saboda rubutu. Ardo ya fi kowa riƙe nasa, da ajami yake rubutawa.

A asibiti incaji ta samo kwalin takalmi ta raba shi gida 12, kowane wata da gidansa. Duk yaron da aka yi wa allura, a rubuta sunansa da ƙauyensu a guntun kwali a jefa a gidan watan da zai dawo. Wata ya ƙare, duk katin da ya kwana a gidan, mai shi ya yi fashi, sai a ba matan nan biyu da suka rage ko mai unguwa su bi sawu. Ta kuma je hedikwata ta karɓo umarnin fasa kwalba a rubuce, ta manna a jikin firji daidai idon mai rigakafi. Abin da ya ba mu mamaki, zubarwar ma raguwa ta yi, domin a mahaɗa yaran ƙauyuka uku ke taruwa rana ɗaya, kwalbar goma takan ƙare tas.

Firjin ya so ya ba mu kunya. Ana so sanyinsa ya tsaya tsakanin digiri 2 da 8, ana dubawa safe da yamma a rubuta. Da hunturu ya shigo sai ma'aunin ya fara hawa da rana. Ashe ƙurar hazo ce ta lulluɓe faifan sola a kan rufi. Mai gadi ya ɗauki aikin gogewa kowace safiya da tsani da tsumma. A watan Afrilu 2024 kuwa lalacewa ya yi ta gaske. Da can mai gyara na zuwa ne a kuɗin wata ƙungiya, yanzu babu. Aka kwashe alluran zuwa asibitin mazaɓar maƙwabta na kwana 11, gyaran ya cinye abin da aka ware wa magani a zangon. Ba a fasa fita ko ɗaya ba, daga can ake ɗauko kula da asuba.

Cikin fita 36 da aka tsara a 2024 an yi 33. Biyu ruwan Agusta da Satumba ya hana a mahaɗar bayan rafi, ɗaya kuma ranar da aka ji motsin 'yan bindiga a dajin yamma. Ruga ɗaya ta tashi gaba ɗaya saboda rashin tsaro, yaranta na cikin littafin ardo amma ba mu san inda suka sauka ba. Ba a samu ɓarkewar ƙyanda a bazarar 2024 ba.

2025: gwaji

Ranar 20 ga Janairu 2025 sabuwar gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje, a tsakiyar shekara kuma aka rufe USAID, hukumar da ke raba wannan tallafi. Majalisar dokoki ta ƙasa ta ƙara dala miliyan 200 a kasafin lafiya na shekarar don rage giɓin. A watan Yuni, a taron tara wa Gavi kuɗi a Brussels, Amurka ta ce ta daina zubawa, aka tashi da alkawarin kimanin dala biliyan 9 cikin 11.9 da ake nema don 2026 zuwa 2030.

A mazaɓarmu abin ya zo ta ƙananan hanyoyi. Jami'in wata ƙungiya da ke zuwa duk wata yana duba rajista tare da mai rigakafi ya yi mana sallama. Katin yara, wanda ake bugowa a kawo, ya yanke na wata biyu. Incaji ta sayi littattafan makaranta ta raba kowanne biyu da reza, ta ja layi shida a ciki, ta buga hatimin asibiti, iyaye mata suka riƙa zuwa da su a leda kamar yadda suka saba. Duba rajista ya koma zauren dagaci, ni da wani malamin lissafi na firamare muke yi. Ranakun mahaɗa ba su motsa ba. A kwalin takalmi, katunan da ke kwana a ƙarshen wata yanzu ba sa cika tafin hannu, yawancinsu kuma na wata 15 ne, wanda har yau iyaye da yawa ke ganin yaron da ya fara tafiya ya wuce allura.

Abin da na gani a ciki

Yunƙuri biyu na farko sun faɗi ne saboda duka sun ɗora nauyin a kan uwa, ita da ta fi kowa rashin kuɗi da rashin iko da lokacinta. Na farko ya nemi ƙafarta, na biyu ya nemi aljihunta. Na uku ya tsaya saboda ya ɗauke nauyin daga kanta ya sa shi a layin kasafi mai suna, wanda mutum biyu ke sa wa hannu, jama'a kuma ke jin lissafinsa a zaure. Tsayayyar rana ta yi aikin da shela ba ta yi ba, domin maigida na iya shirya wa abin da ya san ranarsa.

Laifin da nake gani a kanmu shi ne shekara bakwai muka yi muna cin gajiyar yarjejeniyar da aka rubuta ranar ƙarewarta a jikinta, ba mu taɓa tambayar nawa abin yake ci ba. Masu tallafi kuma, da alherinsu duka, sun biya mai da alawus da kati da mai gyara ta hanyoyinsu na daban, har waɗannan abubuwa suka zama ba su da gurbi a littafin kowa. Da suka janye, kwalbar allura ba ta ɓace daga firji ba. Lita 12 ce ta ɓace, yara biyu kuma suka tafi a kanta. Ina ganin duk wata yarjejeniyar miƙa ragama ya kamata ta sauko har wannan mataki, a zauna da incaji da kwamitin mazaɓa a rubuta wa zai biya man babur a shekarar da ta biyo baya, a kuma riƙa sabunta adadin yadda farashi ke tafiya.

Amma ba na so a ɗauki labarin masararmu a ce jama'a za su iya riƙe rigakafi da kansu. Ba za su iya ba. Buhu biyu na toshe jinkirin sati uku ne, ba ya sayen Penta. Kwalbar tana hannun gwamnatin tarayya, da dala ake biyanta, dalar da ta tashi daga naira 460 da wani abu a farkon 2023 ta haye 1,500 a 2024. Jerin alluran ma ƙaruwa yake yi daidai lokacin da kason Najeriya ke hawa: ta gudawar yara ta shigo a 2022, ta kansar bakin mahaifa a 2023, ta zazzaɓin cizon sauro aka fara a Kebbi da Bayelsa a Disamba 2024. Ƙasar nan kuma na da yara sama da miliyan 2 da ba a taɓa yi musu ko allura ɗaya ba, adadin da ya fi na kowace ƙasa a ƙididdigar shekarun nan. In kuɗin sayen allura bai fita a kan kari ba kafin 2028 da bayanta, matan da muka sha wuya kafin su sake yarda da mu za su taru a gindin tsamiya su tarar da kula ba komai, na kuma san sau nawa mace ke dawowa bayan an ce mata ta dawo.

Firjinmu ya shekara bakwai. Mai gyaran da ya zo a 2024 ya ce in ya sake tsayawa, sabo za a nema. Na tambayi kuɗin sabo, ya fi abin da asibitin ke karɓa a shekara. Na sa maganar a ajandar zaman kwamiti na wata mai zuwa, incaji kuma ta rubuta wa ƙaramar hukuma takarda tana jiran amsa.